Layi Biyun da Na Ƙara wa Malam Hashimu

Har gobe ban manta da safiyar Larabar da Malam Hashimu mai walda ya shigo ofishinmu ba tare da barkwancin da ya saba ba. Mutum ne da tun daga bakin titi za ka jiyo muryarsa yana tsokanarmu. Ranar kuwa sallama kawai ya yi, ya zauna a benci, ya ɗora waya a gwiwarsa. Ina ganinsa na san abin da na shuka ne ya tsiro. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ga labarin, ko da yake ba irin wanda mutum ke bayarwa kansa a ɗage ba ne.

A lokacin ina shekarata ta biyu a wani ƙaramin wurin sana'ar kwamfuta a Kazaure. Mu huɗu ne: Oga Nafi'u mai wurin, da mata biyu masu buga takardu, sai ni "jami'in shafuka". Muƙamin ni na raɗa wa kaina, har na buga shi a kati da ruwan zinare, don ku san irin kan da nake ɗauke da shi. Aikina shi ne yi wa masu ƙananan sana'o'i shafin intanet: in saya musu suna, in ɗora hotunan kayansu da lambar waya, in sa wurinsu a taswira.

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne sa shafin ya fito idan an nema. Ga wanda bai san harkar ba, manhajar bincike, wadda ake wa laƙabi da matambayi-ba-ya-ɓata, kullum tana zagayawa tana karanta shafukan jama'a. Idan mutum ya rubuta abin da yake nema, sai ta jero masa su. Wanda ya fito a sama shi ake kira, wanda ya faɗa can ƙasa kuwa kamar mai kasa kaya ne a bayan kasuwa. A ƙarƙashin sunan kowane shafi akan ga layi biyu na taƙaitaccen bayani. Mu muke rubuta su, a wani lungu da ba ya bayyana idan an buɗe shafin kansa. Sai mai bincike kaɗai yake ganinsu.

Oga yana da ƙa'ida: duk kalmar da za ta hau shafin mutum sai an buga ta a takarda, an karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala. Ni kuwa ina ganin ɓata takarda ne.

Malam Hashimu mutumin Roni ne, yana ƙera injin ɓare gyaɗa irin na juyawa da hannu. Abin da ya bambanta nasa shi ne rariyar ƙarfe da ake canzawa daidai da girman gyaɗa, don kada ƙwayar ta farfashe. Na hau babur na je shagonsa, na ɗauki hotuna, na zauna a kan wata tsohuwar taya ina yi masa tambayoyi.

Na ce, "Malam, wa ya ƙirƙiro wannan dabara ta rariya?"

Ya ce, "Baba." Bai ambaci sunan ba sai da na matsa. Baba Sale ne, wani tsohon maƙeri a nan Kazaure, wanda Malam Hashimu ya zauna a ƙarƙashinsa shekara goma sha biyu, shi ya yaye shi, shi ya yi masa aure. Ya ce, "Ka rubuta sunansa a sama, nawa a ƙasa."

Na ce to mu ƙara da cewa shi ne na ɗaya a yankin nan, abin da masu saye ke son ji ke nan. Ya ajiye gudumar hannunsa ya dube ni. "Malam Sagir, ina ni ina na ɗaya Baba yana raye? Kada in ji, kada in gani."

Na rubuta yadda ya ce, aka karanta masa, ya sa hannu, shafi ya hau.

Mako shida shiru. Idan ka rubuta "injin ɓare gyaɗa" sai ka gangara har yatsa ya gaji kafin ka gan mu. Ga kaka ta kawo kai, an kusa tuge gyaɗa, kuma idan lokacin ya wuce ba mai sayen inji sai wata shekara. Oga ya tambaye ni sau biyu. Wani abokina da ke irin aikinmu a Kano ya yi mini dariya a waya, ya ce mu mutanen ƙauye kunya ce za ta kashe mu, intanet ba ta san kara ba. Maganar nan ta zauna mini.

Na zage na yi gyare-gyare na halal. Na rage nauyin hotuna don shafin ya riƙa buɗewa da sauri ko da sabis ba ƙarfi, na jero sunayen garuruwan da ake kai kaya, na gyara alamar taswira da ta karkace zuwa wata gona. Sannan na shiga lungun nan na goge bayanin da aka sa wa hannu, na rubuta: "Malam Hashimu Roni, wanda ya ƙirƙiro injin ɓare gyaɗa na asali a ƙasar Kazaure. Sauran duk kwaikwayo ne." Ban buga a takarda ba, ban nuna wa Oga ba. Na ce a raina Malam Hashimu da ƙyar yake haɗa boko, kuma Baba Sale, tsohon da idonsa ya yi rauni, me zai kai shi bincike a waya?

Cikin mako biyu muka hau sama. Kira ya riƙa shigowa daga Babura, da Gwiwa, da 'Yankwashi, har wani daga tsallaken iyaka ya zo da sefa ya ɗauki uku. Malam Hashimu ya kawo mini zabi biyu a ɗaure, na karɓa ina wani sunkuyar da kai irin na mutanen kirki. Sai da na ƙara sanin aikin na gane gyare-gyaren halal ɗin ne suka ɗaga shafin. Layin nan biyu ba su ƙara mana ko taku ɗaya ba, wato a banza na yi ƙaryar.

To mu dawo ranar Laraba. Oga ya fito suka gaisa, Malam Hashimu ya yi bayani a nitse. Kowace kaka yakan aika wa Baba Sale buhun gyaɗa. Bana da ya aika, a kan babur ɗin da ya kai aka dawo da shi. Ya je gaisuwa sau uku ana ce masa Baba yana hutawa, gidan da da har tsakar gida yake shiga ba a yi masa iso. Kwana ashirin yana lissafin laifin da ya yi bai gano ba. Sai jiya Malam Lawan, babban ɗan Baba, ma'aikaci a ƙaramar hukuma, ya tausaya masa ya nuna masa a waya. Ashe wani dillalin gyaɗa daga Kanya Babba, tsohon mai sayen kayan Baba, shi ya gani, ya biya ta wurin tsohon yana tambaya ko da gaske yaronsa ne ya koya masa aikin.

Ya miƙo mini wayar. "Malam Sagir, karanta mini. Da bakinka nake son ji."

Na karanta. Ban taɓa jin muryata ta yi mini muni kamar ranar ba. Oga ya ɗauko fayil, ya bi takardar da aka sa wa hannu layi-layi, ya rufe ya dube ni. Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina yana cewa ai dabara ce ta aiki, kowa haka yake yi.

Malam Hashimu ya ce, "Ni ban san dabara ba, walda na sani. Ka ce sauran duk kwaikwayo ne. Wato Baba ne yake kwaikwayona?"

Na juya kan kwamfuta, cikin minti biyu na goge. Muka sake bincike, sai ga layin nan daram kamar ban taɓa shi ba. Dole na yi musu bayani cewa manhajar tana riƙe da kwafin abin da ta karanta, ba za ta canza ba sai ta sake zagayowa. Ana iya aika mata buƙata ta dawo da wuri, na kuma aika, amma kwanakin ba a hannuna suke ba. Oga ya yi tsaki ya ce, "Magana zarar bunu." Malam Hashimu ya miƙe ya ce, "Tunda ba ta gogewa, tashi mu je ka faɗa wa Baba." Na dubi Oga ko zai cece ni. Ya nuna mini ƙofa da haɓa.

Mun sami Baba Sale a zaure bayan azahar, a kan buzu, carbi a hannu, Malam Lawan a gefensa. Tun daga waje Malam Hashimu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa kusa da ƙofa. Baba ya amsa gaisuwarsa a taƙaice, fuskarsa na kallon bango. Na ce an riga an goge rubutun. Malam Lawan ya zaro wayarsa ya duba, ya ce, "Baba, ga shi nan har yanzu." Nan na san ba sauran wurin ɓuya. Na ce ni na rubuta, ni kaɗai, ba da sanin kowa ba.

Baba ya juyo wajen da muryata take. "Kai ɗan wane gida ne?"

Na faɗa masa. Ya ce ya san kakana, shi ya ƙera masa garma, mutum ne da ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Hashimu ne ya ce ka rubuta?"

"A'a, Baba. Hana ni ma ya yi."

"Ya hana ka?"

"Ya ce in sa sunanka a sama, nasa a ƙasa. Yana nan a cikin shafin."

Sai a lokacin Malam Lawan ya danna ya buɗe shafin. Duk kwanakin nan, daga dillalin har shi, babu wanda ya shiga ciki, layin nan biyu kowa ya karanta ya tsaya. Ya karanto a bayyane: sunan Baba a farko, da shekarun da Malam Hashimu ya yi a hannunsa, da cewa duk abin da ya iya daga wurinsa ne.

Baba ya daɗe yana murza carbi ba ya ja. Can ya ce, "Ni ba batun wanda ya fara ne ya dame ni ba. Ni ma a hannun wani na ga rabin aikin. Abin da na ɗauka shi ne ɗana ya wanke ƙafa da ni. Kwana ashirin ina ƙullace da shi, na mayar masa da kyautarsa, na hana shi gidana. Har addu'ar da nake yi masa bayan kowace sallah na daina." Ya miƙa hannu yana lalube. "Hashimu, matso."

Ya matso a kan gwiwoyinsa. Tsohon ya dafa kansa ya ce, "Na zarge ka ban tambaye ka ba. Ka yafe ni."

Malam Hashimu, ƙato mai 'ya'ya bakwai, ya fashe da kuka yana cewa, "Haba Baba, haba Baba, kada ka faɗi haka." Ni kuwa ina rakuɓe a gefe, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon da ya haura tamanin yana neman gafarar yaronsa a kan laifin da ni na aikata. Da na samu na ce su yafe ni, Baba bai ja magana ba, ya ce, "Tashi ka je, Allah ya shirye ka."

Washegari Oga ya ba ni takardar gargaɗi, ya ce wata uku ba abin da zan ɗora sai ya gani da idonsa, ya kuma ce in kwashe katunan nan nawa daga kan tebur. Kowace safiya kafin in zauna sai na yi binciken, in ga ƙaryata tana nan da sunan bawan Allah. Sai a rana ta goma sha ɗaya ta ɓace. Malam Hashimu bai rufe shafinsa ba, amma ya roƙi Oga, cikin ladabi, a ba wani ya riƙa kula masa da shi.

Abin da na koya shi ne a wannan sana'a tamu mu ne muke rubutu, amma bakin wani ne yake magana. Mai shagon yana da maigida, da surukai, da maƙwabtan da zai haɗu da su a masallaci, kuma su ma suna da waya. Baƙon da kake son burgewa zai saya ya tafi, su kuwa da su zai zauna. Idan mai sana'a ya ce kada a rubuta abu, akwai dalilin da ba lallai ya iya zayyana maka ba, kuma ba ƙauyanci ba ne.

Baba Sale ya rasu a daminar da ta biyo baya. Malam Hashimu na cikin waɗanda suka sa shi a kabari, bisa wasiyyarsa. Ni a sahun baya na tsaya, ina ta tunanin abu ɗaya: da ajalin ya zo a cikin kwanaki ashirin ɗin nan, da tsohon ya tafi yana fushi da ɗan da bai yi masa komai ba, shi kuma ya rayu bai san dalili ba.