Randar da Ba a Daka Ba

Kakata Iya Ladi maginiyar tukwane ce a wani ƙauye bayan Zuba, kuma mu biyu kaɗai ne a gidan. Sauran maginan sun watse tun da aka zagaye ramin yumɓunsu da waya za a gina gidaje. Ita ta ƙi tashi. Sai ta koma ɗebo wata jar ƙasa ta bakin hanya, mai gardamar tsiya, tana daka tsingaron tsofaffin tukwane tana zubawa a ciki don kada ta tsage a wuta.

Ranar gashi, bayan magariba, mukan zauna gefen wutar. Takan ce, "Ga ta nan, ga ta nanka, angona, tunda kai kaɗai ka zo."

Wai an yi wata randa mai kyau da masu gida suka hana kowa taɓawa. 'Yan'uwanta suka yi ta fashewa, ana daka su ana cuɗawa da sabon yumɓu, suna komowa tuluna da kasake, suna zuwa rafi da gidan biki. Ita kuwa tana lungu lafiya lau, ba mai ce mata sannu sai gizo-gizo. Ƙarshe da bakinta ta roƙi akuya ta ture ta.

Na ce, "Iya, ai akuyar ta yi ɓarna."

Ta ce, "Kai dai da kwanya kamar ɗanyen kasko! In na mutu, ka daka randata ka sa a wani abu. Akwai ta uwata a cikinta."

Yanzu ina aiki a wani kamfanin jan bulo da tayil. Garin dutsen da masu fasa dutse ke zubarwa, da tokar ɓuntun shinkafa, da fasassun tayil, su muke niƙawa mu gauraya da ƙasa, bulon ya fito da ƙwari. Kullum na ji ƙarar injin niƙan sai na tuna turmin Iya, kewa ta kama ni.

Sai da na girma na gane ba labarin randa take ba ni ba. Tsoro take ji kada ta ƙare a lungu, ba ta shiga cikin komai ba.

Tun da Iya ta rasu, randarta tana ɗakina a unguwar Durumi. Na taɓa kai ta har bakin injin, na sake rungumo ta muka hau mota. Na san haƙƙin Iya ne nake riƙewa. Amma in na daka ta, wa zan tarar in na dawo daga aiki?