Gyaren Shagon Rabin Kai

Ranar da mai askin layinmu ya samu sunan Rabin Kai, surukinsa ne a kan kujera. Ya kwashe gefe ɗaya tas, sai aka ɗauke wuta, injin aski ya mutu a hannunsa. Dattijon ya jawo hula ya rufe, ya fice ko sallama babu. Daga nan mutane suka fara zamewa, don wa ke son yawo da rabin suma?

Ƙarfin mai askin bai kai sayen janareta ba. Sai ya tsinto tsohon akwatin nan mai riƙe wa kwamfuta wuta, wanda wani ofis ya yar, ya cire mataccen batirinsa ya jona na mota. Abu ya yi, sai dai da an ɗauke wuta yake kama kuka kamar gyare.

Da ƙyar matarsa ta lallaso baban nata ya dawo. Ana tsakiyar aski wuta ta tafi, gyare ya ɗauka, inji kuwa bai tsaya ba. Telan da ke maƙwabtaka da shi, wanda kekensa na lantarki ya tsaya cak, ya leƙo.

"Rabin Kai, jaririn naka yunwa yake ji ne?"

"Bar shi, maƙwabci," in ji mai aski, yana gyara wa surukinsa ƙeya. "Nawa yana kuka yana aiki. Naka ya yi shiru, kai ke kukan."