Kunnen Mai Dutse

Kafin a ɗaga ƙofar masana'antar, shi ya riga ya iso. Yakan jingina kekensa da bango, ya karɓi kofin shayi daga hannun maigadi, su taɓa 'yar tsiyar da suka saba. Maigadin ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe, mutuwa ma ta gaji da jiransa. Shi kuma ya tambaye shi ɓarayi nawa suka wuce jiya ta ɓangaren da ba ya gani. Su yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. Daga nan sai ya ratsa layin injina har ƙurya, inda aka killace wani ɗaki da gilashin da ya daɗe da dushewa. Ya kunna injinsa, ya bar shi yana juyi ba aiki har ya ɗumama, don ya ce inji mai sanyi maƙaryaci ne. Yana jira yana share tebur da tafin hannu, ba da tsumma ba, saboda fata ce kaɗai ke jin ƙwayar ƙura.

Mai Dutse ake kiransa. Da yawa daga waɗanda suka yi aiki da shi ba su san wani suna bayan wannan ba.

Aikinsa wasa ƙarfe ne, amma ba irin na mai wasa wuƙa ba. Ƙarfen da ake kawo masa an riga an gasa shi a wuta, an tsoma shi a mai, ya yi taurin da magagari ke santsi a kansa kamar a kan kwalba. Ba abin da ke iya cinsa sai dutse mai juyawa. Sai ya ɗora ƙarfen a kan teburin maganaɗisu, teburin ya riƙa kai da komo a ƙarƙashin dutsen, dutsen yana lasar abin da bai kai kaurin gashi ba, ruwan sanyaya yana zuba, tartsatsi yana fita ja a cikin duhun ɗakin. Wanda bai san kan abin ba sai ya ce mutumin nan ba ya yin komai, tsaye kawai yake yana murza hannun inji. A cikin wannan tsayuwa ƙuruciyarsa ta ƙare.

Abin da ya fi shahara a kai shi ne bais, wato mamatsin ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da masu yankan ƙarfe ke danne aikinsu a ciki. Bais ba ya fita kasuwa a yaba shi. Amma in gindinsa bai kwanta ba, ko muƙamuƙinsa ya karkata da ɗan abin da ido ba ya gani, duk abin da aka yanka a cikinsa karkatacce ne, har ranar da za a jefar da shi. Haƙorin giyar mota, ƙusar famfon ruwa, sandar gadon asibiti, duk sun taɓa kwana a bakin wani bais. Mutumin da ya daidaita bakin kuwa ba wanda ya san fuskarsa.

Dogo, wanda ke riƙe da inji na biyu a ɗakin, ya ba ni labarin farkon zuwansa. Ya wasa gindin wani bais har yana ɗaukar ido, ya auna a kan teburin, allurar agogon awo ba ta motsa ba. Ya kira Mai Dutse ya zo ya gani. Tsohon ya kashe maganaɗisun kawai, ya ce a sake aunawa. Allura ta yi tsalle. Ashe wuta ta ɗan lanƙwasa ƙarfen tun wurin gashi, maganaɗisu ya janyo shi ya miƙar da ƙarfin tsiya, da aka sake shi ya koma gidan jiya. Mai Dutse ya zaunar da Dogo ya nuna masa yadda ake cusa siririyar takarda a ƙarƙashin lanƙwasar, a wasa ƙarfen yadda yake, ba yadda aka tilasta shi ba. Dogo ya ce bai zage shi ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne, aikin da yake daidai sai an danne shi bai gama zama daidai ba.

Mai Dutse, kai ne ka yi shekaru kana shaƙar ƙurar dutse tun kafin a sa wa injin ruwa. Kai ne wanda yatsunsa suka yi kanta, amma suna jin abin da agogo ke shakka. Sai dai ba don wannan na ɗauki alƙalami ba.

Maigadin nan da suke tsiya da shi, da can shi ne a kan inji na biyu. Wata safiya, suna samari, ya ɗaura sabon dutse ya kunna. Dutsen yana da tsaga a ciki wadda ido ba ya gani. Da ya ɗauki gudu sai ya tarwatse. Wani ɓallin ya fasa gilashi, wani ya huda kwanon rufi, wani ya same shi a fuska. Mai Dutse ne ya cire rigarsa ya danne wurin, shi ya goya shi zuwa titi, shi ya zauna a bakin ɗakin tiyata har aka fito aka ce ran ya tsira, idon bai tsira ba. Waɗanda suka gani sun ce da ya dawo bai wanke jinin ba sai da ya tsince ɓallin dutsen ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga ranar wata ƙa'ida ta kafu, ba tare da kowa ya rubuta ta ba: ba a ɗaura dutse a masana'antar nan sai Mai Dutse ya saurare shi. Yakan rataye dutsen a yatsa ta ramin tsakiya, ya ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙotar katako, ya juya, ya sake ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen dutse yana ba da wani siririn amo mai ja, kamar ƙaramar ƙararrawa. Mai tsaga kuwa sai ya ce ƙwas, ya yi shiru. In ya gyaɗa kai, a ɗaura. In ya girgiza, a fasa shi da guduma a zubar, kada wani ya tsinta. Manajoji suka zo suka tafi, samari suka zama iyaye, dutse bai sake fashewa a wurin ba. Kowa ya saki jiki, ba wanda ya damu ya koya, tunda ga Baba.

Matarsa ce ta fara lura. Buta ta yi ta fito a kan wuta yana zaune kusa da ita bai motsa ba. Jikarsa ta yi ta kiransa daga bakin ƙofa har ta yi fushi. Da matar ta yi magana sai ya ce yaran zamani ne ba sa buɗe baki, butar kuma ta tsufa. Ta ce, "Malam, butar ce ta tsufa?" Ya yi kamar bai ji ba, kuma ta kasa gane ko da gangan ne.

Shi kam ya sani. Muryar maza yana jin ta, rugugin inji yana jin sa. Siraran sautuka ne suke ta janyewa, kamar fitilun unguwa da ake kashewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma san abin da ke jiransa in maganar ta fita. Autansa bai gama makaranta ba. 'Ya'yan ƙaninsa marigayi suna gidansa. Hannunsa bai iya komai ba sai wannan aiki, kuma ba inda ake ɗaukar tsoho mai tari. Sai ya yi shiru, yana ce wa kansa mura ce, za ta wuce.

Ana cikin haka aka kawo wani babban bais da wani kamfani ke jira. An wasa gindi, saura muƙamuƙi, shi kuma sai da sabon dutse mai laushi. Dogo ya kwance shi daga kwali ya miƙa masa, yana ta ba shi labarin surukarsa da ta zo kwana biyu ta share wata. Mai Dutse ya rataye dutsen a yatsa, ya ƙwanƙwasa.

Ƙwas.

Ya juya, ya sake. Ƙwas. Ya ɗauko tsohon dutsen da ya cire jiya da hannunsa, wanda ya tabbata lafiyarsa ƙalau, ya ƙwanƙwasa shi. Sautin ɗaya ne. Dogo bai lura ba, yana tsaye da hannu a miƙe, yana dariyar labarinsa. Kan tsohon, da ya saba shekara da shekaru, ya gyaɗa da kansa.

Dogo ya karɓa, ya ɗaura, ya fara ɗaure noti. Mai Dutse yana kallon bayansa, yana kallon yadda ya sunkuya fuskarsa daidai saitin dutsen. Yawancin duwatsu lafiyayyu ne, ya san haka. Da wuya a ce wannan ne. In ya yi shiru, mai yiwuwa yau ta wuce lafiya, gobe ma haka. Hannun Dogo ya nufi makunni.

"Dakata," in ji shi. "Sauke shi."

Dogo ya juyo. Ya tambaya ko akwai matsala ne, ai yanzu ya gyaɗa kai.

"Ban ji ba. Na gyaɗa ne kawai. Kira mini wancan mai ido ɗayan."

Maigadi ya shigo ɗakin da ya daɗe bai taka ba. Ya fara da tsiya, ya ce yau kuma masu ilimin dutse ne ke neman mai tsaron ƙofa, sai ya dubi fuskar abokinsa ya haɗiye sauran. Ya karɓi dutsen, ya rufe idonsa mai gani, ya ƙwanƙwasa. Ya juya, ya sake. Ya ce lafiyarsa lau, yana kuka kamar sabuwar ƙararrawa.

Dogo ya sauke ajiyar zuciya. Ya tura ƙofar gilashin ya rufe, ya rage murya, sai ya tuna, ya ɗaga ta. Ya ce maganar nan ta mutu a ɗakin nan. Shi zai riƙa saurare a ɓoye, ya yi wa Baba alama da gira, Baba ya gyaɗa kai a gaban jama'a kamar kullum. Maigadi ya goyi baya. Ya ce shi ido ya rasa, kunnensa biyu suna nan, ya ba da aron ɗaya har abada. Suka kawo masa zancen auta, suka kawo na marayu. Dogo har da ƙwalla.

Mai Dutse ya murza ƙurar tebur da yatsa. Sannan ya ce, "Ranar da kai ka kwana asibiti da yaro, shi kuma yana bakin ƙofa, wani ya miƙo mini dutse, me zan yi? Yau ma na gyaɗa, Dogo. Kana tsaye a gabansa na gyaɗa."

Ya wanke hannu, ya hau bene wurin manaja. Manajan ba mugu ba ne, sa'an ɗansa ne, kuma ya tashi ya ba shi kujera. Amma ya faɗa masa gaskiya: mai wasa ƙarfe da kunne yake jin sa'ad da dutse ya fara taɓa aiki, da kunne yake jin ya toshe ko ya fara ƙona ƙarfe, kuma ba zai iya barinsa a kan inji ba bayan abin da ya ji daga bakinsa. Wani gurbin kuma babu. Mai Dutse ya ce ya san haka tun yana hawa matakala. Abu biyu ya roƙa: a bar shi ya ƙarasa bais ɗin da ya fara, kuma a ba shi ma'aikatan wurin gaba ɗaya na rabin yini.

Bais ɗin da ido da yatsa ya ƙarasa shi. Yana sauke dutsen a hankali yana jiran tartsatsin farko, Dogo a gefensa yana saurare. Yana ci kaɗan, ya bar ƙarfen ya huce, ya sake ci, har tartsatsi ya ɗauke da kansa. Da aka haɗa muƙamuƙan biyu aka ɗaga su saitin taga, haske bai sami hanyar wucewa ba. Ba wanda ya tafa. Dogo ya shafa masa mai, ya naɗe shi a takarda, mota ta zo ta ɗauka.

Rabin yinin kuwa, ya jera kowa, har masu walda da mai shara. Ya samo lafiyayyen dutse da mai tsaga, ya sa kowane mutum ya juya baya, a ƙwanƙwasa, ya faɗi wanne ne. Shi da ya kira taron ba ya iya raba gardama. Maigadi ne alƙali, yana zaune a kan durom yana yi wa masu kuskure tsiya, yana nuna musu fuskarsa ya ce ga sakamakon jarrabawar. Mai Dutse yana tsaye a gefe, yana kallon leɓunansu, yana kallon ƙotar katako na sauka a kan dutse, a cikin shirun da shi kaɗai ke ciki. Bai bar kowa ya tafi ba sai da ya ci jarrabawar.

Yanzu yana gida. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce komai ya daidaita ba. Tarin ya ƙaru. Auta yana makaranta da rana, yana aikin dako da yamma. Matarsa ta ce har yanzu yakan tashi da sassafe ya sa takalmi, sannan ya zauna a bakin gado ya cire.

Baba, kai ne ka tsare idanun mutane da kunnenka har kunnen ya ƙare. Kai ne ka tona asirin kanka a ranar da dutsen ma lafiyarsa ƙalau, ranar da ba wanda zai taɓa kama ka. Mutane da yawa suna barin aiki don an gano su. Kai ka bari ne don kada a gano ka a fuskar wani. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sassauta maka ƙirjin nan, ya raya abin da ka bari a baya.

Mu kuma da muke riƙe da sitiyari, da allura, da makunnin inji, da rayukan da suka saki jiki da mu, akwai ranar da hannu zai fara rawa ko ido ya fara hazo, mu kaɗai muka sani. Allah ya ba mu ƙarfin halin cewa a dakata kafin a kunna.

In kun gamu da shi a hanya, dattijo siriri yana tura keke, kuka gaishe shi bai amsa ba, kada ku ce girman kai ne. Ku zagayo ta gabansa, ku tsaya inda zai ga bakinku, ku sake gaishe shi.