Jegon Ɓeran Masar

Tun ranar da likita ta ce sai an cire wa ɓeran Masar ɗin 'yata mahaifa na sa wa Goggo ido. Ba na jin kunyar faɗa. Ni dama haka Allah Ya yi ni, in mutum ya cika shiru a gidana sai na san abin da yake ƙullawa, kuma a kwanakin nan Goggo ta yi wani irin shiru da ban san ta da shi ba.

Ƙanwar mahaifina ce. Tana budurwa ta zo Makka da iyayenta daga ƙasar Sakkwato, ta yi aure a Tandabawi, ta tsufa a can. Da mijinta ya rasu, gwiwoyinta kuma suka gaji da hawan tudun unguwar, muka ɗauko ta ta dawo wurinmu a unguwar Shisha. Duk shekarun nan ba su lanƙwasa mata harshe ba, Sakkwatancinta na nan daram. 'Yata kuwa, wadda a lokacin take ajin ƙarshe na firamare, Larabci ya cinye mata baki. Tana jin Hausa sama-sama, in Goggo ta yi sauri sai ta juyo ta kalle ni in fassara.

Dabbar mahaifin 'yata ne ya sayo mata kafin a mayar da shi aiki Riyad. Mace ce, fara, da ja a kunne ɗaya. Yarinyar da sai an yi da gaske take gaida baƙi, sai ga ta tana dawowa daga makaranta ta durƙusa gaban keji tana ba ɓera labarin duk abin da ya faru a aji. Ni ko rabin labaran nan ba na samu. Don haka da gashin dabbar ya fara zubewa ta gefe biyu na ciki, cikin ya kumbura, ana taɓa ta tana ƙara, ban yi wasa ba. Likitar dabbobi ta duba ta da na'ura ta ce ƙulli ne mai ruwa ya fito mata a wajen mahaifa, maganinsa aiki. A mota muna dawowa 'yata ta tambaye ni ko za ta mutu. Na ce, "Ba abin da zai same ta, na yi miki alkawari." Bakina ya riga hankalina, kuma tun kafin mu iso gida na san na ɗauko abin da ya fi ƙarfina.

Goggo na jin labari ta ajiye carbi.

"Mi ta yi maku? Dabba ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ku ce za ku fidda mata mahaifa? Wanga aiki ba shi da kyau."

Na yi mata bayani dalla-dalla, har na nuna mata hoton cikin a waya. Ta kalla a karkace ta ce, "To." Na san wannan to ɗin. Shi take yi wa likitanta in ya hana ta gishiri.

Abu ɗaya likitar ta nanata mini: kada a hana dabbar abinci kafin aiki. Ta ce irinsu ba kamar mutane ba ne, hanjinsu ba ya son zama wayam, in ya tsaya tayar da shi wahala ne. Na maimaita wannan a falo da Hausa da Larabci, Goggo na zaune. Amma da safiyar ranar aikin na fito na tarar da keji a share tas. Ba ciyawa, ba kwanon abinci, har gorar ruwan an zare. Dabbar na ta zagaye tana shinshina kusurwa. Ban tambayi kowa ba, kai tsaye na nufi ɗakin Goggo, na same su a leda a bayan ƙofa.

"Goggo, mene ne wannan?"

"Wanda za a yi ma aiki ba ya cin komi," in ji ta, ko gezau. "Da anka yi ma babanki, ko ruwa ba su bari ya sha ba. Ni na yi jinya tai, na sani."

Gaskiya ne, ita ta yi jinyar mahaifina. Sai dai ni lissafina daban ya tafi. In mutum yana son a fasa aiki, wace dabara ta fi ya galabaitar da mara lafiya a ce ba za ta iya ɗauka ba? Kuma kunnen da ke jin an buɗe firij daga ɗaki na uku, shi ne bai ji abin da na faɗa sau biyu a falo ba? Na mayar da ciyawar, dabbar ta hau ci kamar an biyo ta, na kira asibitin suka ce ba komai, a kawo ta.

Da yamma muka dawo da ita a kwando, an naɗe ta da tawul, an aske cikin, ga ɗinki siriri. An haɗo mu da maganin zafi, da wani garin ciyawa da ake damawa da ruwa a ba ta da sirinji marar allura. Likitar ta ce abu biyu za mu sa wa ido: ta ci, kuma ta yi kashi. In gobe ta wuce ba ko ɗaya, mu dawo da ita da gaggawa. Ba ta ƙarasa sauran ba, amma na karanta a fuskarta. Ta ce a bar ta cikin ɗumi, kuma kada ruwa ya taɓa ɗinkin.

Muna shiga Goggo ta leƙa kwandon ta daɗe. Ita da kullum take cewa a kawar mata da wannan ɓera daga hanya, sai na ji ta ce, "Sannu, mai jego." 'Yata ta ji daɗi. Ni kuwa na ƙara sa ido, don na san in Goggo ta sauya wa abu suna to ta sauya masa hukunci.

Washegari da hantsi hancina ya kama ƙanshin kanwa. A gidan nan ba mai shan kunun kanwa tun da aka hana Goggo saboda hawan jini. Na leƙa kicin, ga 'yar tukunya a kan wuta an rage. Na yi falo da gudu. Goggo na durƙushe gaban keji a kan gwiwoyin da take cewa ba sa lanƙwasuwa, ƙaramin cokali a hannu, gefenta kwano da tsumma a cikin ruwan zafi yana tururi.

"Goggo!"

Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta juyo a hankali.

"An buɗe ma mace ciki, ba a gasa ta ba, ba a ba ta kanwa ba. Ta ƙaƙa za ta tashi? Ke da kinka haihu wa ya gasa ki?"

"Ke ce, Goggo. Amma ni mutum ce! Kin ba ta?"

"Ban ba ta ba tukuna."

Tukuna. Na duba bakin dabbar, gashin a bushe yake. Cokalin ma cike yake, amma wa ya ce shi ne na farko? Na shinshina tawul, na shafa ɗinkin da bayan yatsa in ji ko da laima. 'Yata ta fito ta ga abin da ake ciki ta fashe da kuka tana cewa, "Haram alaiki ya Sitti!" Wato abin da ta yi bai dace ba; Sitti kuwa haka take kiran Goggo, kaka ke nan a bakin 'yan Makka. Na ɗauki kejin na kai ɗakina, na kulle ƙofa, na ɗaure makullin a gefen ɗankwalina. Goggo ta kwashe kwanonta da cokalinta ta shige ɗaki. Abincin rana ma a rufe ya dawo.

To, na kulle ƙofa, amma dabba ta ƙi ci. Ta takure a kusurwa, gashi ya tashi, ido rabi a rufe. Na dama garin na sa mata sirinji a gefen baki, ya dalalo ta ɗaya gefen. 'Yata ta karɓa ta gwada, ya zube a tawul. Aka kawo kokwamba, aka kawo kuzbara, wani ganyen miya mai ƙanshi da take mutuwar so, ko shinshinawa ba ta yi ba. Na dinga ɗaga tawul ina dubawa kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi, ba kashi ko ƙwaya ɗaya. A lokacin ba wanda ban zarga ba. Kanwar Goggo ce kan gaba, sai likitar da na ga kamar ta cika yarinta, sai mai sayar da ciyawa, har maƙwabciyarmu da ta shigo kwanakin baya ta yaba ƙibar dabbar ba ta ce masha Allah da ƙarfi ba.

Bayan azahar na kira likitar. Na gaya mata maganar kanwa, ta ce ba ta san ta ba, amma kada a ba ta komai sai abin da ta rubuta. Sai ta ce in taɓa kunnuwan. Sanyi ƙalau. Ta ce in kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a samu wanda zai rungume ta a jikinsa ya zauna ba motsi, a riƙa ba ta ɗigo-ɗigo ba gaggawa. In la'asar ta wuce ba canji, mu taho.

Na kashe, na zauna, na rungume ta. Amma ni ba a yi ni don zama ba. Ina ta gyara zama, ina duba agogo ina duba waya. Dabbar ta ji, ta fara mutsu-mutsu tana neman zillewa, na tsorata kada ɗinkin ya ɓalle. A hannun 'yata ma haka, ga shi tana shesshekar kuka jikinta na girgiza. Ta ɗago ta kalle ni. Kallon nan kaɗai ya tuna mini da alkawarina.

Mutum ɗaya ne a gidan da zai iya zama daga azahar zuwa la'asar bai ko gyara ƙafa ba, kuma ɗakinsa ne kaɗai ba a taɓa kunna mukayyif. Na sani sarai. Na ja lokaci ina neman wata hanya, ban samu ba. Na kwance makullin, na ɗauki dabbar a tawul, 'yata na biye da ni da kofi da sirinji.

Goggo na zaune a kan katifarta, ta jingina da bango.

"Goggo, ki riƙe mini ita."

"Ni? Mai kashe maku dabba?"

"Ban ce haka ba."

"Makulli ya ce."

Na haɗiye wannan, don na cancance shi. Amma duk da haka na ce ta nuna mini hannuwanta. Ta miƙo su ta buɗe tafin kamar 'yar makaranta ranar duba farce, tana kallona ido cikin ido. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, kuma na duba. Na ɗaga matashin da ke gefenta ma na duba.

Ta karɓi dabbar ta kwantar a cinyarta, a kan farin zanen da take salla da shi, ta rufa mata gefen mayafi, ta ɗora tafin hannu a bayanta. Ni na zauna a ƙasa daf da ita, ni ke damawa, ni ke cika sirinji, ita ke sawa a baki, idona a kan yatsunta. Ɗigo ɗaya, sai ta jira. Ta jira har in ji kamar in fizge in yi da kaina. Tana ta magana ƙasa-ƙasa, na kasa kunne ban kama ba.

"Me kike ce mata?"

"Ba da ke nike ba."

Ɗakin ya yi zafi, gumi na bin bayana. Can na ga maƙogwaron dabbar ya motsa. Ta haɗiye. Aka ƙara, ta sake haɗiyewa. Na sa hannu ƙarƙashin mayafin na taɓa kunnen, ya yi ɗumi. 'Yata ta miƙa ganyen kuzbara a hankali, dabbar ta daɗe tana shinshinawa, sai ta kama gefensa ta ja. Ƙarar taunar nan 'yar mitsitsiya, wallahi ban taɓa jin abin da ya fi ta daɗi ba. Amma na ce kowa ya tsaya da murna, saura ɗayan.

Aka kira la'asar a masallacin unguwa. Goggo, wadda tun ladan bai kai ƙarshe ba take miƙewa, ba ta motsa ba. Aka tayar da salla, aka idar. Na fara tunanin inda na ajiye makullin mota. Sai ta ce, a hankali kamar mai tsoron tada jariri, "Ku taho ku gani."

Ta ɗaga mayafin. A kan farin zanen ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, ƙanana, a karkace, ba su kai na kullum ba. 'Yata ta yi ihu ta faɗa kan Goggo tana sumbatar goshinta. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, babbar mace ina kuka a kan kashin ɓera, kuma ban damu ba. Da na share ido na ga na Goggo ma sun cika, hannunta bai daina shafa bayan dabbar ba.

Na ce, "Goggo, kawo ta in riƙe, ki canja zane, salla ta wuce ki."

"Bar shi. Kashin abin da ake ci ba najasa ba ne." Ta ɗan matsa cinyar dabbar da yatsu biyu. "Ta rame ƙwarai, baiwar Allah. A garinmu sai sun yi mai muke gasa su da yaji."

'Yata ta juyo ta kalle ni, fuskarta duk hawaye da murmushi. "Esh galat Sitti?" Wai me kaka ta ce.

Na ce, "Ta ce alhamdu lillahi."

Na sake cika sirinjin na miƙa wa Goggo, na gyara zama a gabanta.