Ƙaton Girka da Buhun Shinkafa

Har gobe ina tuna ranar da shugabarmu Misis Helen ta kira ni ofis. Shekarata shida ke nan ina gadin ɗakunan zane a wani gidan adana hotuna a Manchester. Aikin mai gadi shi ne tsayuwa da hana mutane taɓa hoto. Sama da shi akwai mai rakiya, wanda ke zagawa da baƙi yana yi musu bayani, kuma gurbin da na nema ke nan.

Ta ce, "Rabi, kin iya magana da mutane, amma ba na ba wa kowa wannan aiki sai ya riƙe burushi. Ki shiga ajin ma'aikata, ki kwaikwayi hoto ɗaya da fentin mai. Mako goma."

Na zaɓi hoton da na fi daɗewa a gabansa, na wani ƙato mara riga a tatsuniyar Girkawa da aka yanke wa hukuncin ɗaukar sama a kafaɗa. Na ɗauka na haddace shi. Ashe!

Malaminmu, wani dattijo mai suna Piita, ya koya mana ƙa'ida: a fara da fenti mai ruwa-ruwa, a bari ya bushe kwana da kwanaki, sannan a ɗora mai kauri. Wannan na iya. Amma a mako na bakwai ya tsaya bayana ya ce, "Mutumin nan naki ba abin da ya dame shi. Kamar bas yake jira. Ina nauyin?"

Na koma gida a unguwar Ardwick. Ina shiga sai ga maigidana, Baban Amira, ya dawo daga cefane a unguwar Rusholme da buhun shinkafa a kafaɗa, yana hawo bene yana nishi. Na ga wuyansa ya karkace, gwiwa ɗaya ta lanƙwashe, jijiya ta fito raɗau a damtse.

Na ce, "Baban Amira, don Allah tsaya haka!"

Ya ce, "Lafiya? Ke kam wannan kwas zai kashe ni."

Sati biyu yana saɓa buhun a falo bayan la'asar, minti biyar-biyar, yana mita, ni kuwa ina ta zane. Da na koma wurin aiki na dubi hoton asali, sai na ga duk abin nan yana ciki: wuyan, gwiwar, har yatsun ƙafa da suka dafe ƙasa. Shekara shida ban gani ba.

Ranar da aka rataye ayyukanmu a ɗakin ma'aikata, Misis Helen ta daɗe a gaban nawa. Sai ga Baban Amira ya shigo da babbar rigarsa. Ta dube shi, ta dubi hoton, ta fashe da dariya. Wallahi ban lura fuskarsa na zana ba sai a lokacin.

Ya ce da ni a hankali, "Yanzu Turawa za su ce ni ne ban sa riga ba?"

Litinin ta gaba na fara rakiya.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin masu rakiya, tsayuwa kusa da abu ba sanin sa ba ne. Duk wanda ya zana hotunan nan, sai da ya zuba wa wani mutum mai rai ido, yana gumi a gabansa. Idan baƙo ya tambaye ku, ku fara nuna masa mutumin.