Talhon Balkisa Bai Taɓa Ƙara Ba

"Wai jibi masu furojen za su zo duba ta?"

"Jibi. Su ga yadda take amsa kira."

"Da wane talhon?"

"Rage murya, tana jin ka."

Ai kuwa Balkisa tana ji. Babu abin da ake faɗa a wannan biro, wato ofis, daga bakin ƙofa har ɗakin Direkta, wanda bai biyo ta kunnenta ba.

A Talladjé aka haife ta, iyayenta mutanen Tahoua ne. Ƙyanda ta tafi da idanunta tana shekara shida. Ta yi karatu a lakwal ɗin makafi, daga baya wani furoje, shirin tallafi mai nema wa naƙasassu aiki, ya koya mata aikin istandar wata tara cur: a kira, ta amsa, ta haɗa mai kira da wanda yake nema. Aka kawo ta wani sarwis, wata ma'aikata a tsakiyar Yamai, aka ba ta kujera da tebur da talho mai maɓallai goma sha biyu.

Ranar farko ta ɗaga kan talhon ta kara a kunne, ta ji shiru. Baba Adamu, tsohon masinjan wurin, ya yi mata bayani cewa masu gyaran hanya ne suka tsinke igiyar shekara bakwai da suka wuce, ba wanda ya lura, tunda kowa da salularsa a aljihu. Direkta ya rubuta wa kamfanin talho takarda, suka amsa cewa a kira su ta layin da ya lalace ɗin don su tabbatar. Nan maganar ta tsaya.

Shekara uku ke nan kullum da safe tana goge talhon. Aikin kuwa sai ya koma kunnenta. Ta san takun kowa da tarin kowa. Baƙo ya tambayi wani ma'aikaci, Mushe Ousmane, wato Malam Ousmane, ta ce ya fita amma ba ta ji makullin motarsa ba, a duba wajen mai shayi. A je kuwa a same shi.

Yanzu ga masu duba suna tafe. In suka ga babu aiki, za a soke kujerar, a mayar da ita koyon haɗa sabulu, daga nan sai zaman gida, maƙwabta suna leƙowa suna yi wa innarta sannu.

Direkta ne ya kawo dabara. Baba Adamu zai shiga kabad ɗin tsofaffin takardu da ke bayan Balkisa, riƙe da salular Direkta. Mariyam sakatariya za ta riƙa kiran salular daga baranda. Ita Balkisa in ta ji ƙara sai ta ɗaga nata. Baba Adamu ya ce shi da jikokinsa tara bai taɓa shiga kabad ba, aka ce masa ai na rabin awa ne.

Madam Halima, shugabar masu dubawa, ta iso da hantsi. Kabad ya yi ƙara, Balkisa ta ɗaga. Muryar da ta ajiye shekara uku ta fito sumul. Ta haɗa wani daga Zinder da Direkta, ta ba wata haƙuri cewa layin cike yake, har ta ɗan yi faɗa da wani mai gaggawa wanda babu shi. Ita kanta sai da ta ji daɗin aikinta.

Sai matar Direkta ta kira da gaske. Baba Adamu ya ga sunan Hajiya, ya ga bai kamata a bar babbar mace tana jira ba. Kabad ya yi sallama, ya tambayi lafiyar gida, ya ce Alhaji yana taro.

Madam Halima ta buɗe kabad ɗin, Baba Adamu ya gaishe ta daga tsugune.

Balkisa ba ta jira Direkta ya gama gyaran murya ba. Ta faɗi labarin igiyar tun daga masu gyaran hanya. Ta ƙara da cewa direban Madam ya matsar da mota inuwa, abokin tafiyarta kuma da ya ce zai kewaya yana ɗakin Mushe Ousmane, don ta ji an buɗe lemo. Aka aika, aka tarar haka ne.

Madam Halima ta daɗe tana juya takardarta. Ta ce gurbi biyu ne kawai a ciki: na'ura tana aiki, ko na'ura ta tsufa. Babu gurbin kabad, babu na kunne. Balkisa ta ji alƙalami ya ja layi ɗaya. Madam ta ce ta zaɓi na biyu, don haka furoje zai aiko sabon talho mai maɓallai arba'in, kujera kuma tana nan har wasu shekaru uku.

Kowa ya yi hamdala, Baba Adamu yana miƙe gwiwa. Balkisa ta shafa tsohon talhon, ta juya inda turaren Madam yake.

"Madam, don Allah in za a aiko sabon, a haɗo da igiyar. Ko sau ɗaya ne, ina so in ce alo wani ya amsa mini."