Ƙiryar da Na Hana Alhaji Uba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Yuli, 1986, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Alhaji Uba mai icce, yayan matata Hajara, a gidansa na Adabka, bayan jinyar kwana tara. Ni Muntari, da aka sallama daga aji huɗu saboda yawan barci, ni dangi suka ɗora wa rubuta ta'aziyya, don ni kaɗai ke da biro. Liman ya ce a ambaci mamaci da alheri. Kwana uku na yi ina lalube, Alhaji, ga abin da na samo.

Lokacin da Hajara ta kwana biyu tana naƙudar ɗiyarmu Binta, kai ka zubar da rabin lodin motarka, ka shimfiɗa mata katifarka, ka kai ta asibitin Gummi ta hanyar da jaki ma sai an lallashe shi. A shekarar fari kuma, dawarka ta shiga gidaje da yawa, har da nawa, ba ka taɓa yi mana gori ba. Wanga zan shaide shi ko'ina.

Sauran tarihinka kuwa gatari ne. Tun da ka sayi motar nan a saba'in da takwas kake bin gonakinmu, kana cewa mutanen Gusau na neman iccen girki, kuma icce a gona ba ya da wani amfani sai inuwar ragwaye irina. Marke, kaɗanya, gawo, har ɗorawar da mata ke daddawa da ita, ba ka bar ko ɗaya ba. Ba zan wanke kaina ba, ni na fara ba ka. Itatuwa goma sha ɗaya na musanya da rediyo, rediyon kuma tun makon farko ya shiga yi mini wa'azin dasa itatuwa.

Yau matanmu da kara da kashin shanu suke girki, abin da ya kamata ya ruɓe a gona. Ƙasa ta yi fari kamar toka. Ruwa in ya sauko ba abin da ke tare shi. Kwazazzabon da ya fara kamar turbar awaki, yanzu raƙumi zai shige ciki ba a ga tozonsa ba. Ya cinye rabin gonata. Rabin da ya rage, ƙirya ɗaya ce ke riƙe da shi a bakin gaɓa, saiwoyinta duk a waje kamar yatsun tsoho. Ɗiya shida gare ni, kuma ban da wannan tsagin ba abin da zan bar musu sai rediyo. Sau uku ka zo tayin ƙiryar, sau uku na ce a'a, kana dariya kana cewa wata rana zan kawo ta da kaina.

To, ranar Talata an yi maka wanka, an gina kabari, sai aka rasa iccen rufi. Garin da ya shekara takwas yana ciyar da murhun birni! Samari suka bazu, suka dawo da tsirarun sabara marasa kaurin da zai ɗauki ƙasa. Lodinka na ƙarshe ya tafi Gusau tun Litinin. Sai ga babban ɗanka Bature a ƙofata da gatari a kafaɗa, dattawa na biye da shi.

"Baba Muntari, reshe huɗu kawai za mu cira daga ƙiryarka."

Na ce, "Ɗana, na san gatarin gidanku. Bai taɓa tsayawa a reshe ba."

Dattawa suka ce tun da suke ba su taɓa jin wanda ya yi wa gawa rowa ba. Hajara na kuka ta ce na tozarta ta a gaban gidan ubanta. Kai kuwa kana kwance a makara, rana na ɗagawa. Ban yi musu da kowa ba. Na jingina tsani, na hau zaurena, na fasa rufin, na zare azara shida na miƙa musu. Da su aka rufe ka.

Saboda haka yanzu kana kwance ƙarƙashin rufin zaurena, ni kuma ina karɓar baƙi ƙarƙashin hadari, a tsakiyar damina. Da sauƙi dai, baƙin sun ragu, don rabin gari ba ya amsa sallamata. Hajara na ajiye mini tuwo ta juya ba ko sannu. Ban yi nadama ba, Alhaji. Da za ka tashi ka sake mutuwa gobe, haka zan sake yi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka abin da ka yi wa ƙasar nan, Ya yafe mana mu da muka riƙe maka igiya. Allah Ya sa dawar da ka raba ta yi nauyi a mizaninka, Ya haskaka kabarinka, Ya kuma tsare maƙabartar daga kwazazzabon da ke matso ta kowace damina. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna mahaifiyarka, da iyalanka, da Hajara in ta yarda ta karɓa daga hannuna.

Kai kuma Bature, Allah Ya ba ka haƙuri. Na ji an ce kai ka gaji motar, har ka kai gatura wurin maƙeri. Ka yi wa kanka tanadi, ɗana. Zaure ɗaya gare ni, kuma na riga na ba ubanka.

Muntari Ɗan Inno, Adabka